Kafin Katafila Ta Shiga Gona

A shekarar 1925 jirgin sama ya fara sauka Kano, ƙaramin fili kuwa ya ishe shi. Jiragen yanzu ba haka suke ba. Filinsu yana cin ƙasa eka ɗaruruwa, wani ma dubbai, ga shi kuma jihohi suna ta gina nasu, kamar na Dutse da aka buɗe a 2014. Wannan magana ta shafi manomin Watari, domin a ƙasar Bagwai da kewayenta gona tana manne da gona, babu dajin da za a ce ba shi da mai shi. Duk babban aikin da ya zo, ko filin jirgi ne, ko madatsar ruwa, ko hanyar dogo irin ta Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021, lalle a kan gonar wani zai sauka.

Akwai doka a kan wannan, amma manoma kaɗan suka san ta. Ita ce doka mai lamba 86 ta 1992. Ta ce ba za a fara babban aiki ba sai an auna ɓarnar da zai yi wa ƙasa da ruwa da mutane, an rubuta rahoto, Gwamnatin Tarayya ta amince. Filin jirgi mai titin sauka na mita 2,500 ko fiye yana cikin ayyukan da aka ambata da suna. Bisa tsari, ana ajiye rahoton kwana 21 na aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Muhalli, don kowa ya duba ya faɗi ƙorafinsa. Sa'ad da aka gina madatsar Watari babu wannan doka. Haka nan babu ita a 1980, lokacin da manoman Bakolori suka tashi neman diyya, aka rasa rayuka.

To, ko takarda tana iya tsayar da katafila? A ƙasar Indiya an ga ta yi. A wani gari, Aranmula, an ba wani kamfani izni a 2013 ya gina filin jirgi a kan fadamar shinkafa. Mutanen gari suka kai ƙara kotun muhalli. A watan Mayu na 2014, kotu ta soke iznin, domin waɗanda suka rubuta rahoton ba su da iznin yin irin wannan aiki, kuma ba a saurari jama'a yadda ya kamata ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, filin bai ginu ba.

Na biyu a Mopa ne, cikin jihar Goa. Can Kotun Ƙoli ta dakatar da izni a watan Maris na 2019, saboda takardun neman iznin sun ɓoye dazuzzukan da ke kusa, ba su kuma faɗi gaskiyar yawan itatuwa ba. Amma fa kafin hukuncin ya fito an riga an sare itatuwa fiye da 54,000. Aka sake bincike, aka ƙara sharuɗɗa, kotu ta ɗage takunkumin a Janairun 2020, aka buɗe filin a ƙarshen 2022. Watau sun ci shari'a, itatuwan kuwa sun tafi.

Abin lura, a duka wuraren biyu alƙali bai ce jirgi abu ne marar amfani ba. Abin da ya duba shi ne ko rahoto ya faɗi gaskiyar abin da ke ƙasar, ko an ji bakin masu ita. Nan ne ƙarfin manomi yake, gama ba wanda ya fi shi sanin gonarsa. Mai awo yakan zo da rani, ya tarar da fili fetal, ya rubuta saura. Bai ga geron da aka girbe ba, bai san shekara nawa jaki ya yi yana kai taki wurin ba. Ɗorawa da kuka da tsamiya, sai ya haɗa su duka ya kira su itace. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 kuwa ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta, sai abin da ke kanta, kamar shuka da gini. Ta ce ƙaramar hukuma ta ba manomi wata gonar a madadin tasa. A ina za a samo ta a Watari?

Saboda haka kwanakin nan 21 sun fi shekara uku a kotu daraja. Shari'a tana cin kuɗi, lauyoyi suna birni, damina kuma ba ta jiran ranar zama. Ya kamata kowane mai unguwa ya sa malamin makaranta ko akawu ya rubuta abin da ke unguwarsa tun babu labarin komai: itatuwan kowace gona da irinsu, rijiyoyi, fadamu, burtali, mashaya da maƙabarta. Dagaci ya sa hannu, a kai ɗaya wurin Hakimi, a ajiye ɗaya.

Hukuma ma da nata. Rahoton yakan zo da Turanci, littafi mai kauri, a ajiye shi a ofis, a ce an nuna wa jama'a. Wannan ba nuni ba ne. A taƙaita shi da Hausa, a karanta a rediyo, a kuma sa sanƙira ya yi shela ranar kasuwa, ya faɗi ranar da kwanakin suka fara da ranar da za su ƙare.