A Yi Lissafi Kafin A Sayi Na'urar Tsimin Wuta

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da wata magana da ta fara yawo a majalisunmu na Rano da Kibiya, wato maganar na'urorin da aka ce suna kunna wuta su kashe da kansu, su rage wa magidanci kuɗin lantarki.

Ni tsohon malamin firamare ne, yanzu ina riƙe da ɗan kanti da firiza guda a Rano, gidanmu na gado kuwa yana ƙasar Kibiya. Kwanakin baya ƙanena da ke aiki a Abuja ya zo mana da wasu ƙwayayen lantarki da soket waɗanda ake ba umarni ta wayar hannu. Ya ce yana zaune a Abuja zai iya kashe fitilar ɗakin Inna. Yara suka taru suna kallo, kowa na mamaki. Bai yi wata guda da komawa ba datar da ke cikin akwatin intanet ɗin ta ƙare, kayan suka daina jin magana. Abin da ya fi ban haushi shi ne, in aka ɗauke wuta aka dawo da ita tsakar dare, sai ƙwayayen su kama da kansu su tashi mutanen gida. Ƙarshe dai Inna ta ce a kwance mata nata, a mayar mata da makunninta na bango. Kuɗin da aka kashe kuwa da ya isa a canza dukan ƙwayayen gidan.

Ban faɗi wannan don in kushe wa kayan zamani ba. Tsimin wuta ya zama dole, domin kiɗa ya canza. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira dubu. Mai janareta ya ji a jikinsa. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225, kafin daga baya a ɗan rage. Wanda ba ya cikin wannan rukuni kada ya ce babu ruwansa, in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sannan ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir suka lalace, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, masu ƙanƙara da masu niƙa da teloli suka tafka asara. Tun daga nan mutane da yawa suka koma wa sola, ita ma kuma wutarta a ƙidaye take.

To amma ya kamata mu san don wa aka ƙera waɗannan kaya. A Turai da Amurka, abin da ya fi cin makamashi a gida shi ne ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Shi ya sa na'urar Nest da ta fito a 2011, mai lura da lokacin da mutanen gida suka fita ta rage ɗumin, ta yi farin jinin da kamfanin Google ya saye ta a 2014 a kan dala biliyan 3.2. Su wutarsu ba ta cika ɗaukewa ba, intanet ɗinsu ma bai cika yankewa ba. Mu kuwa ba ma ɗumama ɗaki da lantarki, matsalarmu fanka ce da firji da famfon ruwa da dutsen guga, da wutar da ke zuwa ba sallama ta tafi ba sallama. Kuma ko a can, kayan da suka dogara da kwamfutar kamfani ba su da tabbas. A 2016 aka rufe wa wata na'ura mai suna Revolv hanya, waɗanda suka saye ta dala 300 suka wayi gari ta zama kwandon shara. Ga kuma wani lissafi: akwatin intanet ɗin da ke haɗa kayan, in yana cin wat 10 dare da rana, a wata ya sha yunit 7, ban da kuɗin data. Ka ga garin neman gira an rasa ido.

Jama'a, in muka duba da kyau, na'ura mai aiki da kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Fitilun sola na kan titi da ke kamawa da magariba su mutu da asuba, wa yake kunna su? Mitar kati da ke yanke wuta in kuɗi ya ƙare fa? Haka solar nan ta biya-kaɗan-kaɗan da ke kulle kanta in ba a biya ba. Duk dangi ɗaya ne. Abin da nake cewa shi ne, irin waɗannan ƙanana, marasa buƙatar intanet ko babbar waya, su ne namu. Amma su ma akwai na farko akwai na baya.

Na farko ita ce mita. Wanda ake kawo wa bil na kintace, ko ya kwana a duhu abin da aka rubuta shi zai biya, don haka babu na'urar da za ta rage masa ko kwabo. A ƙarshen 2024, bisa lissafin NERC, fiye da rabin masu amfani da wuta a ƙasar nan ba su da mita. Duk magidancin da ke kan layin gwamnati, ya fara neman mita kafin komai.

Na biyu, a canza ƙwai. Ga lissafi mai sauƙi, yunit ɗaya shi ne wat dubu a awa ɗaya. Gida mai ƙwai 10 irin na da, mai zafin nan na wat 60, in suka yi awa 6 a kunne kullum, a wata sun sha yunit 108. In aka sa farin ƙwai na LED mai wat 9, wanda haskensa bai gaza na wancan ba, yunit 16 da 'yan kai za su sha. Bambancin ya kusa yunit 92. Kowa ya ninka da kuɗin yunit ɗin da ke kan rasitinsa ya gani. Maƙwabtanmu na Gana sun gane haka tun 2007, lokacin da gwamnatinsu ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan 6 kyauta a madadin tsofaffin. Babu wata na'ura mai wayo da za ta rage maka abin da canza ƙwai zai rage.

Na uku, ƙwan zaure da na ƙofar gida da na tsakar gida, waɗanda ba na ɗakin kowa ba ne, shi ya sa ake barinsu a kunne har azahar. Akwai 'yar na'ura mai gane duhu da haske, masu wayarin suna ce mata fotosel, ita ce za ta kunna su da faɗuwar rana ta kashe da wayewar gari. Masallatan unguwa ma suna buƙatarta.

Na huɗu, gidajen da ke da rijiyar burtsatse da tanki. Sau nawa muke wucewa mu ga ruwa na ambaliya daga saman tanki, yaron da aka sa ya kashe injin ya tafi ƙwallo? Injin doki ɗaya yana cin wajen wat 750. Rabin awa na banza kullum ya zama yunit 11 a wata, ga ɓarnar ruwa, ga lalata katangar ƙasa. Maganinsa wani makunni ne mai yawo a saman ruwan tanki, in ya cika ya kashe injin, in ya yi ƙasa ya kunna.

Na biyar, mai gadin firji da talabijin. Wannan ɗan akwati ne da ake sawa a soket, in wuta ta zo da ƙarfi fiye da kima ko ta yi rauni sai ya yanke, in ta dawo kuma sai ya jira 'yan mintoci ta daidaita kafin ya saki. Ba ya rage bil sosai, amma duk wanda injin firizarsa ya taɓa ƙonewa cikin azumi ya san darajarsa. Rigakafi ya fi magani.

Na shida, ga masu sola. Batir shi ne jarin, kuma shi ne ke fara mutuwa. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar yunit 2.4, amma rabi kawai ya kamata a sha, wato yunit 1.2, in ana so ya daɗe. Kwantirolar caji da inbata suna da wurin da ake saita su su yanke da kansu kafin batir ya ƙwanƙwale. Da yawanmu in ta yanke sai mu ce ta cika iyayi, mu sa yaro ya haɗa waya kai tsaye. Bayan 'yan watanni batir ya mutu, mu ce an sayar mana da jabu. A bar ta ta yi aikinta. A ajiye batir a wuri mai iska, domin zafin bazararmu da ke wuce digiri 40 yana rage masa kwana, a kuma riƙa goge ƙurar hunturu daga kan faifan solar. Dutsen guga da hitar ruwa, masu cin wat dubu ko fiye, a nesanta su da batir.

Sai dai, Malam Edita, akwai abin da na'ura ba za ta gyara ba. Gidajenmu ba irin na Turawa ba ne, miji da mata da 'ya'ya biyu. Gida ɗaya za ka tarar da sassa biyar ko shida, wa da ƙane, kishiyoyi, wani lokaci har da 'yan haya, duk a kan mita ɗaya. Wannan tana da firiza tana sayar da zoɓo, waccan ƙwai ɗaya da fanka gare ta, amma in kati ya ƙare sai a ce kowa ya kawo daidai. Daga nan gunaguni ke farawa, har ta kai 'yan uwa ba sa ga maciji. Kuma tunda kowa ya san ko ya yi tsimi ba zai gani a aljihunsa ba, sai kowa ya saki hannu. Ana iya sa ƙaramar mita a kowane sashe domin a san abin da kowa ya sha, a raba kuɗi bisa adalci. In babu halin haka, maigida ya tara iyalinsa, a ƙirga kayan wutar kowane ɗaki, a rubuta, mai firiza ya biya fiye da mai fanka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Gidan da babu wannan tsari, ko an cika shi da na'urori, rigimar tana nan.

Saboda haka ina kira ga kamfanin KEDCO, wanda ke raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, da ya ba da ƙarfi wajen kai mita garuruwa irin su Rurum da Saji da Tarai da Saya-Saya, kada abin ya tsaya a birni. Ina kira ga makarantar koyon fasahar karkara ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke nan Rano, tare da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, da su shirya wa matasanmu gajeren horo a kan haɗa waɗannan ƙananan na'urori da saita sola, domin aikin da gwani bai yi ba shi ke jawo gobara. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ita ma ta sa ido a kasuwanni, domin ƙwai da batir marasa inganci suna sa talaka ya yanke ƙauna daga abin da zai amfane shi. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, to muna fatan in ana wannan tsari a tuna da mutanen karkara, musamman mu da madatsar ruwan Tiga ke maƙwabtaka da mu tun 1974.

Ku kuma 'yan uwana magidanta da 'yan kasuwa, duk wanda ya zo muku da tallar na'urar tsimin wuta, ku yi masa tambaya uku. Tana aiki ba tare da intanet ba? In ta lalace akwai mai gyara a Rano, ko sai an je Sabon Gari a Kano? Yunit nawa za ta rage mini a wata, kuma wata nawa za ta yi kafin ta mayar da kuɗinta? In ya kasa amsawa, ku riƙe kuɗinku. Musamman ku yi hattara da wani ɗan akwati da ake cewa da an soka shi a soket zai raba bil biyu, domin mitar gida abin da kayanka suka sha take ƙirgawa, akwatin ba ya rage shi. Haka kuma kada tsadar wuta ta sa mu zagaye mita, wannan sata ce, kuma mu ne za mu kwana a duhu in taransifomar unguwa ta ƙone.

Ni dai a kantina na canza ƙwayaye, na sa wa firiza mai gadi, a gida kuma mun sa fotosel a zaure, mun zauna mun raba kuɗin kati bisa kayan kowa. Kayan Abuja suna nan cikin kwali a ƙarƙashin gadon Inna, sai mai su ya zo.

Allah ya ba mu wuta mai ɗorewa, ya sa albarka a cikin nemanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. 

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Rano, Jihar Kano.