Wa Ya Ce Keken Guragu Mai Batir Ba Ya Shiga Jirgi?

Wata Laraba da dare, saura minti goma in rufe shirin da muke buɗe wa masu sauraro layi a nan Sokode, wata baiwar Allah ta kira daga Dapaong. Ta ce mahaifinta ya shekara shida bai taka ƙafarsa ba tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Ƙanenta da ke Jamus ya aiko masa da keken guragu mai batir, da shi yake zuwa masallaci da kasuwa ba tare da ya nemi kowa ba. Suka tara kuɗin Umra, suka ci fiye da kilomita 600 a mota zuwa Lome. Da suka kai kantar awon kaya, ma'aikacin kamfanin jirgin ya dubi keken ya ce batir ba ya shiga jirgi. Dole suka bar shi a hannun wani ɗan'uwa. Baba ya yi kwana goma sha huɗu a ƙasa mai tsarki ana tura shi a keken haya, ko bayan gida zai je sai ya jira a zo. Tambayarta ɗaya ce: "Malam, da gaske doka ce ta hana?"

A daren ban iya ba ta amsa ba, kuma na ji kunya. Na je na bincika. Hajiya, babu dokar da ta hana. Jahilci ne ya hana, da rainin da muka saba yi wa gurgu.

Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama, IATA, sun daɗe da rubuta yadda ake ɗaukar irin wannan keke. Idan batirin busasshe ne ko wanda ruwansa ba ya zuba, ana barinsa a jikin keken, a katse wutar yadda ba zai kunna kansa ba, a ɗaure keken a wurin kaya. Idan mai ruwa ne da zai iya zuba, sai a loda keken a tsaye, in hakan ba zai yiwu ba a cire batirin a sa shi a akwati mai ƙarfi da ba ya yoyo. Idan na litiyam ne, kuma ƙirar keken ta kare shi, ana iya barinsa a jiki. In kuwa cire shi za a yi, kada ƙarfinsa ya wuce 300 Wh, a rufe bakin wayoyinsa, mai shi ya shiga da shi inda fasinja ke zama. An ma yarda ya riƙe na ko-ta-kwana guda ɗaya da bai wuce 300 Wh ba, ko biyu da kowanne bai wuce 160 Wh ba. Sharaɗi shi ne a sami amincewar kamfani, a kuma sanar da matuƙin jirgi inda batirin yake.

Lissafin ma ba na boka ba ne. A jikin batir an rubuta V da Ah, sai ka ninka su. Batir mai 24 V da 12 Ah ya ba da 288 Wh, ya shiga ke nan. Yaron da ke gyaran waya a bakin tasha zai yi wannan lissafi kafin shayinsa ya huce.

Kada wani ya ɗauka ina raina haɗarin batir. Ranar 3 ga Satumba 2010, jirgin dakon kaya na UPS ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi a cikin kayan da ke ɗauke da batiran litiyam, matuƙansa biyu suka rasu. Tun 1 ga Afrilu 2016 ICAO ta hana a yi dakon batiran litiyam masu caji a matsayin haja a jirgin fasinja. Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin da ya sa ake so batirin da aka cire ya zauna kusa da mai shi ke nan, domin in ya fara hayaƙi ma'aikatan jirgi su gani su kashe. Waɗanda suka fi kowa tsoron wutar nan su ne suka zauna suka tsara wa gurgu hanyar tafiya da kekensa. To kai da ke bayan kanta, wane tsoro kake da shi da ya fi nasu?

Zan yi adalci. Iyalan Baba ba su sanar da kamfani tun da wuri ba, kuma ƙa'ida ta buƙaci hakan. Amma wa zai gaya musu? Ɗan ajans ɗin da ya sayar musu da tikiti ya ga Baba da idonsa a kan keken, ya ƙirga kuɗinsa, ya yi musu fatan sauka lafiya. Bai tambayi irin batirin ba, bai tambayi nauyin keken ko tsawonsa ba, bai rubuta wa kamfani layi ɗaya ba. Kamashonsa kuwa bai yi ciwon kai ba. Mutumin da ke cin abinci da tafiyar alhazai, yawancinsu tsofaffi, in bai san wannan ƙa'ida ba to ya rufe shago ya koma sayar da goro.

Ma'aikacin kanta shi ma da hanyarsa. Ya duba takardar jikin batir, ya kira shugabansa, ya buɗe littafin ƙa'idar kamfaninsa. Ya zaɓi "a'a" domin ita ce mafi sauƙi, kuma ya san tsoho daga arewa, wanda ba ya jin Faransanci sosai, ba zai ɗaga murya ba. Ina tambaya tsakani da Allah: da Bature ne a kan keken nan, da an sallame shi da kalma ɗaya?

A Turai, tun dokar 2006 mai lamba 1107, kamfani na ɗaukar wa mai naƙasa kayan taimakon tafiya har guda biyu kyauta, har da keke mai batir, in ya sanar awa 48 kafin tashi kuma jirgin na da wurinsa. Amurka tana da dokarta tun 1986. Can ma ba aljanna ba ce. Tun da aka tilasta wa kamfanoni bayyana alƙaluma a ƙarshen 2018, an ga shekarun da aka lalata ko aka ɓatar da kekuna fiye da 10,000. Amma can ana ƙirgawa, ana kuma hukunci: a Oktoba 2024 gwamnati ta ci kamfanin American Airlines tarar dala miliyan 50 kan yadda yake tafiyar da fasinjoji masu keken guragu. Mu fa, wa ke ƙirga namu?

Mu ma ba mu rasa takardu ba. Togo tana da dokar kare masu naƙasa tun 2004, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu a 2011, wadda sashenta na 9 ya ambaci sufuri, na 20 kuma ya yi magana a kan 'yancin mutum ya yi zirga-zirga da kansa. Lome cibiyar jiragen ASKY ce tun 2010, muna alfahari da cewa Afirka ta Yamma na ratsawa ta wurinmu. Ina roƙon hukumar ANAC ta sa a fitar da wannan ƙa'ida a shafi ɗaya, a manna a kowane ajans daga Lome har Cinkasse, a karanta ta a rediyo da Hausa da Tem da Moba. Ƙungiyar FETAPH ta matsa a kan haka. Mu masu makirufo kuma mu ba da lokaci kyauta, don rashin sani ya fi dare duhu, kuma ni kaina na kwana a cikinsa.

Wani abokin aikina ya ce ina ɓata baki, wai mutum nawa ne a Togo ke da keke mai batir alhali dubbai ko na turawa ba su samu ba. Gaskiya ne ba su da yawa. Amma 'ya'yanmu da ke Jamus da Faransa suna ƙara aiko da su, hawan jini da ciwon suga suna ƙara zaunar da iyayenmu, haɗarin babur kuma yana zaunar da samari. Sannan tunanin da ya hana keken Baba shiga jirgi shi ne yake gina masallaci da matakala bakwai, shi ne yake sa direban tasha ya nemi kuɗin keke kamar buhun masara. Mun saba ganin gurgu a matsayin mai karɓar sadaka, sai muka kasa gane shi ranar da ya zo da tikitinsa a hannu.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da mai tafiya zai yi. Ranar sayen tikiti ka faɗi cewa da keke mai batir za ka tafi, ka sa a rubuta irin batirin da ƙarfinsa da nauyin keken da girmansa, domin ƙofar wurin kaya ta wasu ƙananan jirage ba ta ɗaukar kowane keke. Ka karɓi amincewar kamfani a rubuce, in akwai canjin jirgi a hanya ka nemi ta kowane kamfani. Ka riƙe littafin keken, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe. In ka sauka ka tarar an karya shi, kada ka bar filin jirgi sai ka cika takardar ƙorafi. Ka sani Yarjejeniyar Montreal ta 1999 tana lissafa keke cikin kayan fasinja, kuma iyakar diyyarta ba ta wuce wajen dala 2,000 ba, sai in ka bayyana darajarsa tun wurin awo. Kekuna da yawa sun fi haka tsada.

Hajiya ta Dapaong, ki gaida Baba, ki ce ina neman afuwa da amsar ta makara. In Allah ya sake kiransa, ku tafi da keken da takardarsa, kuma in wani ya ce doka ta hana, ku ce ya buɗe ya nuna muku shafin.