Kududdufan Kano da Ruwan Damina



Duk watan Agusta, da zarar hadari ya haɗo a Kano, magidantan unguwannin da ke kwari ba sa runtsawa. Ruwa ya tsallake dokin ƙofa, garun ƙasa ya jiƙe ya zube, gari ya waye mata na kwalfe ɗaki da roba, an baje katifu a rana. Sai kowa ya ce leda ce ta toshe kwalbati. Haka ne, amma akwai ɓarnar da ta riga ta leda.

Ƙasar da aka gina ganuwa da gidajen cikin birni da ita haƙo ta aka yi, ramukan suka zama kududdufai. Su ke karɓar ruwan unguwa idan an yi mamako, su riƙe shi, ya riƙa nutsewa sannu a hankali har rijiyoyi su kawo. Yau da yawansu an cike su da shara, an yanka filaye, an dasa shaguna. Tsakar gida ma an malale ta da siminti, an sare darbejiyar ƙofar gida. Ruwan da ƙasa za ta shanye sai ya kwararo titi lokaci guda, ya nufi rafin Jakara. Faɗaɗa magudana kaɗai kuwa tura shi take yi ga unguwar da ke gangare, da ƙarin ƙarfi.

Ƙasar Sin, duk da kuɗinta da simintinta, ta gane haka. A 2015 ta soma shirin da ta kira birnin soso a birane 16, ciki har da Wuhan: tafkuna, lambuna, da daɓen da ruwa ke ratsawa, da nufin riƙe kashi 70 cikin 100 na ruwan sama a inda ya sauka. Abin da suke kashe maƙudan kuɗi su haƙa, mu gadonsa muka yi.

Wani zai ce kududdufi matattarar sauro ce, kuma yana cin yara. Wannan kuka ne na gaskiya, babu uban da zai raina shi. Maganinsa a yashe, a hana zuba shara da ruwan masai, a kewaye da shinge, a dasa itatuwa a gaɓa, a zuba kifin da zai cinye tsutsar sauro.

Muna kira ga hukumar tsara birane ta ƙidaya kududdufan da suka rage, ta shata iyakarsu tare da masu unguwanni, ta haramta sayar da su tun kafin damina mai zuwa.