Bishiyar Ado a Garin da Ake Jawo wa Ruwa

Wani maƙwabcina a nan Tamanrasset ya dawo daga arewa da dashen sanobar goma sha biyu, wato bishiyar nan mai ganye kamar allura da Turawa ke kira fain. Wai zai tare iska, kuma gidansa ya yi kama da na Aljas. Uku suka rage, su ma sai an shayar da su kamar jarirai. Ba shi nake zargi ba. Ra'ayin nake zargi, wanda ke cewa itace bai cika itace ba sai ya zo daga nesa.

Jama'a, ai an gwada! Tun farkon shekarun 1970 Shugaba Houari Boumediene ya ƙaddamar da Koren Shinge, katangar itatuwa mai tsawon kusan kilomita 1,500, matasa masu bautar ƙasa a soja suka yi ta dashe. Kusan iri ɗaya aka zuba, sanobar ta Halab. Da tsutsar da ke cin ganyenta ta samu gona guda babu shamaki, sai ta bi ta layi-layi, fari da kiwo suka ƙarasa saura a wurare da dama. Wannan fa a yankin Djelfa ne, inda ruwan sama ya ninka namu sau da yawa. Mu nan ko milimita 100 ba ma samu a shekara.

Kuma da wane ruwa za a yi bayin? Wanda muke sha tun 2011 daga In Salah ake turo shi ta bututu, tafiyar kilomita 750. A ɗauki wannan ruwa a zuba wa bishiyar ado? Haba!

Za a ce garin yana kan tudu, kusan mita 1,400, akwai sanyi, sanobar kuwa tana jure sanyi. Gaskiya ne. Amma sanyi bai taɓa kashe ƙishirwa ba.

Ku fita kwarin da ke bayan gari ku ga aduwa da ƙandili tsaye, babu mai ba su ko kofi guda, akuya ta ci, matafiyi ya sha inuwa. 'Yan uwanmu na Maradi ma ba dashe ya cece su ba. Tun shekarun 1980 suka daina sare tohon kututturen da ke gonakinsu, suna yi masa sassabe har ya zama itace, gawo ya dawo. Maƙwabcina daga can iyayensa suka zo, amma da na faɗa masa haka sai ya ce aduwa ƙaya gare ta.