Wasiƙa Zuwa ga Masu Ƙera Keke a Abuja: A Auna Mutum Kafin a Yanka Ƙarfe

Zuwa ga iyayen gida masu walda da masu gyaran keke na Abuja da kewaye, tare da yaran shagonsu.

Ina so mu yi magana a kan keken da kuka fi kowa iya haɗawa, wato keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Wannan keke abin alfaharin sana'arku ne. A Kano, ƙungiyar waɗanda suka yi fama da shan inna ƙarƙashin Malam Aminu Ahmad Tudun Wada ta daɗe tana ƙera shi, a Jos cibiyar Beautiful Gate ta raba dubbai, a nan Abuja kuwa duk wanda ya leƙa Karmajiji a hanyar filin jirgi ya san yadda ya ɗaga mutane daga rarrafe. Sai dai a tuna wa aka zana wa shi tun asali: mutumin da ƙafarsa ta shanye tun yana yaro, hannunsa ya yi ƙarfi, fatarsa tana jin zafi da sanyi, jikinsa kuma ya riga ya tsaya a kan hali ɗaya. Tun 2016, a jihar Borno, ba a sake samun asalin ƙwayar shan inna ta daji a Najeriya ba, kuma a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita daga Afirka. Waɗanda ta riga ta taɓa za su ci gaba da neman kekenku shekaru masu yawa. Amma akwai wani mai saye daban da haɗarin hanya da hawan jini ba sa daina turowa: ɗan acaɓan da ya karye a cinya, dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, matar da aka yi wa aiki a gwiwa, leburan da ya faɗo daga bene. Shi wannan jikinsa bai tsaya ba, yadda yake yau ba haka zai kasance bayan wata uku ba. Shawarata ɗaya ce: kada ku ba shi keken da aka zana wa wani, ku ƙera masa wanda zai bi jikinsa yayin da yake warkewa.

Ga dalili. In kuka ɗora mai karayar ƙafa a keken hannu, kun sallami ƙafar da ake son ta koma aiki. Naman cinya da ba ya motsi yana ramewa cikin makonni kaɗan, gaɓar da ba a lanƙwasawa kuma tana sandarewa, ga nauyin tafiya duka ya koma kan kafaɗu. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa hannu ɗaya gare shi mai aiki, da me zai juya feda biyu? In kuma kuka ce ya koma keken da aka saba, sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake ƙarfe, ya daidaita kansa a kan taya biyu, ya ɗora nauyinsa a wuyan hannu, faɗuwa ɗaya kuma tana iya mayar da aikin likita baya. Tsakanin waɗannan biyun akwai keken kishingiɗa: mai tuƙi yana zaune a kujera mai majingini, feda tana gabansa maimakon ƙarƙashinsa, yana turawa da ƙafa bayansa a jingine. In an yi shi da taya uku, ba ya faɗuwa in an tsaya, kuma ana iya tafiya a hankali yadda ake so. Irinsa na tsaye, wanda ba ya tafiya ko'ina, shi ake gani a sassan gashin ƙashi na asibitoci da wuraren motsa jiki. Kayan haɗinsa ba baƙi ba ne a wurinku: bututun ƙarfe, tayoyi, doguwar sarƙa, giya da birkin kekunan gwanjo, duk ana samu a fanteka da wajen masu kayan keke.

Abin da ya rage shi ne awo, kuma nan ne aikin yake. Ba tela mai mutunci da zai sa almakashi a yadi bai ga mai riga ba, to keke ya fi riga hatsari in bai dace ba. Ku zaunar da mutum a benci mai tauri, ku auna faɗin ƙugunsa, ku bar sarari kaɗan kowane gefe, yadda ƙarfe ba zai goge shi ba kuma ba zai riƙa zamewa ba. Tsawon mazauni ya tsaya kamar yatsa biyu ko uku kafin bayan gwiwa, don kada bakin kujera ya danne jijiya. Nisan feda kuwa, in ƙafa ta kai ƙarshen turi gwiwa ta kasance da ɗan lanƙwasa, kada ta miƙe sambal, kada kuma ta dunƙule zuwa ƙirji in feda ta dawo. Ƙarfen feda na keken manya yawanci milimita 170 ne, kuma zagaye shi gaba ɗaya yana buƙatar gwiwar da ke lanƙwasuwa fiye da digiri 90. Wanda aka yi wa aiki kwanan nan sau da yawa bai kai nan ba. Maganinsa gajeren ƙarfen feda, irin na keken yara, ko ƙarfe mai kauri da aka yi wa ramuka biyu ko uku, a fara da ramin ciki, a riƙa matsawa waje yayin da gwiwa take sakewa. Haka kujera: kada a like ta da walda, a ɗora ta a kan dogo mai ramuka da noti, majinginin ma ya zama ana iya tayar da shi ko kwantar da shi.

Sai ƙasar da keken zai taka. Abuja gari ne na hawa da gangara, wanda ya san Mpape ko gangaren Kugbo ba sai an faɗa masa ba. Mai keken kishingiɗa ba ya iya miƙewa tsaye ya taka feda da nauyin jikinsa, saboda haka giya mai sauƙi ita ce ƙarfinsa a hawa, giya mai nauyi kuma ita ce ke ɓata gwiwa mai ciwo. A gangara birki ne rai: a sa biyu masu kamawa sosai, a ƙara na ajiya wanda zai riƙe keken lokacin hawa da sauka, domin a nan ne mai rauni ya fi faɗuwa. Mai shanyewar ɓarin jiki a tattara masa birki da giya a hannun da ke aiki. A sa wa feda mariƙin dunduniya da maɗauri, don ƙafar da ba ta da ƙarfi in ta suɓuce ƙasa keke yana gudu, ƙarƙashinsa take shigewa. Keke mai taya uku ba ya karkata a kwana kamar mai biyu, kifewa yake yi, shi ya sa ake buɗa tsakanin tayoyin kuma ba a ɗaga kujera sama da yawa.

Na san abin da wasunku za su ce: mu ba likitoci ba ne, abin da mai kaya ya nema muke yi. Gaskiya ne ku ba likitoci ba ne, kuma wannan hujja ce ta neman bakin likita, ba ta rufe ido ba. Keken kishingiɗa ba na kowa ba ne. Wanda aka canza wa gaɓar kwatangwalo sau da yawa ana hana shi lanƙwasa ta fiye da digiri 90 a makonnin farko, kujera mai ƙasa sosai tana iya jawo masa gocewa. Wani ciwon bayan yana lafawa in an jingina, wani kuma zaman ne ke tayar da shi. Wanda lakarsa ta taɓu har ba ya jin mazaunansa, katako da siririn soso za su ɓula masa gyambo bai sani ba, gyambon nan kuwa yana kisa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan samar da keken marasa lafiya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ta jera matakai takwas, haɗa keken shi ne na biyar. Kafinsa akwai duba mutum da zaɓa masa abin da ya dace, bayansa akwai gwadawa, da koya masa amfani, da bibiya. Ku roƙi mai saye ya kawo takarda daga likitan gashi, ko na Asibitin Ƙasa, ko na asibitin koyarwa na Gwagwalada, ko na asibitin ƙashi na Dala in can aka yi masa aiki, mai amsa tambaya uku: an yarda ya ɗora nauyi a ƙafar? Ina iyakar lanƙwasa gwiwa da ƙugu? Akwai wurin da ba ya ji a jikinsa? In babu amsa, ku dakata da walda.

Wasu za su ce kuɗi. Mutumin da asibiti ya tatse ba zai biya keken da ya ci ƙarin ƙarfe da ƙarin kwanaki ba, masu manyan oda kuma, 'yan siyasa da ƙungiyoyin agaji, ɗari suke so iri ɗaya kafin ranar rabo. Wannan ƙorafi yana da nauyi, amma a duba lissafin da kyau. Mai jinya watanni yake buƙatar keken, ba shekaru ba. Keken da aka like a kan awon mutum ɗaya, in ya warke sai 'yan gwangwan. Wanda ake matsawa da noti kuwa za a iya ba da shi haya, ko a saye shi daga hannun wanda ya warke a gyara wa na gaba, kuma duk zuwan da zai yi don a matsa masa feda ciniki ne. Masu oda kuma ku ne za ku wayar da su: a yi girma uku, babba da matsakaici da ƙarami, kowanne mai matsawa, kuma a ware yini ɗaya na gwaji kafin rabo. Araha ba ta ado, keken da aka raba aka ɗauki hoto sannan aka jingine shi a bayan ɗaki shi ne mafi tsada.

Akwai kuma masu cewa titunan Abuja ba na keke ba ne, balle mai ƙasa-ƙasa da direba ba zai hango ba. A nan na yarda da su rabi. Kada ku bari kowa ya hau da shi babban titin Kubwa, ko na filin jirgi, ko hanyar Nyanya. Wurinsa layin unguwa ne, da harabar gida, da filin makaranta bayan an tashi, nan ɗin ma da doguwar tuta mai launi da abin ƙyalli a baya. Mai jinya ba tsere ya fito ba, motsi kaɗan kullum yake nema. Wanda kuma yake jin kunyar a gan shi a kai, ku gaya masa cewa a 1933, a birnin Paris, Francis Faure ya yi sama da kilomita 45 cikin awa ɗaya a keken kishingiɗa da Charles Mochet ya ƙera, ya karya tarihin duniya, har hukumar tseren keke ta duniya ta fitar da irinsa daga gasa a 1934.

A ƙarshe, wannan ilimi ya fi ƙarfin shago ɗaya, aikin ƙungiya ne. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, hukumar da aka kafa dominsu tana nan Abuja, kuma a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan na Beautiful Gate ya shugabance ta, mutumin da ya san ƙerar keke ciki da bai. Shugabanninku su nemi zama da ita da ƙungiyar likitocin gashi, a shirya wa yaran shago horo kan awo, a fitar da takardar awo guda ɗaya da kowane shago zai riƙa cikewa ya ajiye. Kafin a kai ga haka, kowane maigida yana iya farawa gobe: a ajiye tef da benci da littafi a bakin shago, a kuma kafa doka cewa ba a kunna injin walda sai mai keke ya zo da kansa an auna shi.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.

Naku mai fatan alheri,
daga Abuja.