Wa Zai Fito A Matsayin Ɗan Zango?

 A wannan wata zan ɗan jingine zancen makaranta da jarrabawa, in taɓo wani abu da na san wasu dattawanmu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, wato wasan kwaikwayo na dandali, musamman irin wanda ake haɗawa da kiɗa da waƙa. Ni dai ma'abocin kallonsa ne, duk inda na ji za a yi shi a Kumasi, in aljihu ya yarda, to da ni za a yi. Akwai kuma wata damuwa da ta daɗe tana cina game da shi, wadda ta shafe mu mu 'yan Zango kai tsaye.

Damuwar kuwa ita ce, an daɗe ana nuna ɗan Zango a dandalin ƙasar nan, amma ba safai ɗan Zango ne ke fitowa a matsayin ba, kuma in ka waiwaya ka dubi kujerun 'yan kallo da ƙyar za ka ƙirga hula goma. Ke nan ana ba da labarinmu ba mu nan, ana dariyarmu ba mu ji ba.

Kafin mu kai can, bari mu ɗan koma baya. Wasa mai waƙa ba baƙo ba ne a Gana. Abin da ake kira konsat ya samo asali ne daga wani malamin makaranta, Tica Yalley, wanda ya fara shirya wasanni a Sekondi a 1918. Bayansa aka yi Bob Johnson da ƙungiyar Axim Trio a shekarun 1930, suna bin gari gari. A 1952 E.K. Nyame ya kafa Akan Trio, ya haɗa wasan da kiɗan jita na hailaif, ya kuma mayar da zancen cikin harshen mutanen ƙasa maimakon Turanci. Daga nan ne konsat ya zama na talaka, ana yin sa a garuruwan manoman koko tun daga dare har kusan asuba. Mu da muka taso a shekarun 1990 mun riski wutsiyarsa ne a talabijin, lokacin da ake yin Key Soap Concert Party a babban ɗakin wasa na ƙasa da ke Ankara, wanda ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 1992. Wa zai manta da Bob Okala da Nkomode da Agya Koo?

Abin da ya sa konsat na dā ya kama zukatan mutane shi ne yadda suke sarrafa waƙa. Ba a cusa ta don a cika lokaci. Sai magana ta kai inda baki ba zai iya faɗinta ba, marainiya ta rasa wanda za ta kai wa kuka, ko manomi ya dawo daga birni hannu wofi, sannan ne waƙa take ɓarkewa, kuma ita ce ke ɗaukar labarin ta kai shi gaba. Wannan shi ne ma'aunina na farko ga kowane wasa mai waƙa: in aka cire waƙar labarin bai girgiza ba, to waƙar ba ta da aikin yi a wurin.

Ma'auni na biyu shi ne, wanda ke tsaye a dandali shi zai rera da bakinsa. Mu 'yan Zango an raine mu da finafinan Indiya, tun zamanin da iyayenmu ke cika gidajen siliman Kumasi irin su Roxy da Rex da Odeon. A can an saba ɗan wasa ya riƙa motsa baki alhali muryar Mohammed Rafi ce ko ta Lata Mangeshkar, kuma finafinan Kano sun ɗauki wannan hanya. A fim ba laifi, sana'arsu ce haka. Amma a dandali cuta ce. Bara na biya kuɗina na shiga wani wasa a garin nan, wanda aka yi ta tallarsa da sunan wata 'yar fim. Ana tsakiyar waƙa wuta ta ɗauke, murya ta yanke, sai ga baiwar Allah tana ta motsa leɓe babu sauti. A bayanta kuwa akwai wata yarinya cikin 'yan amshi da ta ɗauki waƙar da muryarta ta ƙarasa, zaure ya ɗauki tafi. Wannan yarinya ita ta cancanci matsayin tun farko, amma ba fuskarta ce ke sayar da tikiti ba. Masu shirya wasa su ji tsoron Allah, wanda ya bar gidansa ya zo dandali ya zo ne ya ji mutum mai numfashi, in rikoda yake so da ya zauna gida.

To, wannan ya kawo mu ga batun wa ake ba wane matsayi. A konsat na dā akwai wasu mutane da kullum sai sun fito: mai barkwanci, da ɗan boko mai kwat, da mace, wadda shekaru da yawa namiji ne ke sa tufafin mata ya fito a matsayinta, sai daga baya aka fara ɗaukar mata. A gefe kuma akwai ɗan Arewa, ko dai ɗan sanda ko maigadi, yana gwamutsa Tonanci ana dariya. Wannan hoto bai mutu ba. Ya shiga finafinan Tonanci da ake yi a nan Kumasi, inda in ka ga an sa wa mutum babbar riga da carbi, to ka shirya ganin malamin tsibbu mai ninka wa yara kuɗi. Ban ce kada a yi dariyarmu ba. Mu ma muna da wasan dangi tsakanin ƙabilu, kuma al'ummar da ba ta jure zolaya ba ta da lafiya. Gadi kuma sana'a ce ta halal da ta ciyar da gidaje da yawa a Zango. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce shekara da shekaru fuska biyu kawai muke da ita. Ina Hajiya mai fataucin goro? Ina nas, ina direban babbar mota mai zuwa Bawku, ina tela, ina ɗan ƙwallo, ina malamin makarantar allo na gaskiya da ke karantar da yara don Allah? Yaron da ke zaune a aji na, wanda bai taɓa shiga Aboabo ko Asawase ba, daga dandali da fim yake koyon ko wane ne abokin zamansa Musa. Ni da nake raba faɗan yara a filin makaranta na san irin sunayen da ake kwasowa daga can.

Wannan gardama ba a Gana kaɗai ake yin ta ba. A 1990 an yi babbar taƙaddama a Amurka a kan wasan nan Miss Saigon, domin an ba wani Bature ɗan Birtaniya, Jonathan Pryce, matsayin mutumin da ke da jinin Biyetnam, har a Landan an yi masa kwalliyar da ta sauya kamannin idonsa. Ƙungiyar 'yan wasa ta Amurka ta ƙi amincewa da farko, daga baya ta janye, aka buɗe wasan a 1991 da shi. Amma surutun bai tafi a banza ba, domin bayansa 'yan asalin Asiya ne suka riƙa hawa matsayin.

Shin ina nufin sai Bahaushe ne zai fito a Bahaushe? A'a. Zango kanta ba ta Hausawa kaɗai ba ce, akwai Mosawa da Dagwamba da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani da Yarbawa, harshe ne ya haɗa mu. Ku dubi marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. Banufe ne, amma duk ƙasar Hausa babu wanda bai san Samanja Mazan Fama ba. Abin da ya sa ya yi fice shi ne ya yi aikin soja da kansa, ya san bariki ciki da waje, ya san irin Hausar da ake yi a can. Sojoji suna dariya ne domin sun ga kansu a madubi. Saboda haka sharaɗin shi ne sani. In ɗan Asante ya tashi a Alabar, ya ci tuwo a gidajenmu, ya san yadda ake gaida babba da yadda ake zaman makoki, to bismilla, ya fito a Alhaji, ni ne mai fara tafa masa. Wanda nake ƙi shi ne wanda iyakar saninsa da mu kalma uku ce ta Hausa da ya tsinta a wurin mai tsire.

Sai dai fa in mun nuna wasu da yatsa ɗaya, sauran suna nuna mu. In mai shirya wasa ya zo Zango neman yarinya mai murya, gida nawa ne zai ba shi 'yarsa? Da yawanmu mun ɗauki wasan kwaikwayo a matsayin sana'ar 'yan iska. Na fahimci tsoron iyaye, kuma ba tsoron banza ba ne, akwai wasannin da ni ma ba zan kai iyalina ba. Amma maganin mugun wasa shi ne kyakkyawan wasa. Kuma kada wani ya ce abin ba namu ba ne. Tashen da yara ke yi cikin watan azumi a Kano da Zariya, mene ne in ba wasa mai waƙa ba? Akwai shiga, akwai kwaikwayo, akwai amshi, akwai gargaɗi. 'Yan kama fa? Malam Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, ana karanta su a makarantu. A Nijar kuwa, Yazi Dogo malamin makaranta ne, da shi da abokansa na Damagaram suka mayar da wasan Hausa abin da ƙasa duka ke jira. Waɗannan ba 'yan iska ba ne, malamai ne da suka sauya allo.

Labarin da za a yi wasa a kai ma ba mu rasa ba. Ga ayarin fatake daga Kano zuwa Salaga neman goro, da madugu da jakuna da zango zango. Ga yaƙin Salaga na 1892 da ya warwatsa 'yan kasuwa suka bazu cikin ƙasa. Ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a watan Nuwamba 1969, da aka ba mutane mako biyu su tattara, aka raba maƙwabta, aka sayar da gidaje a wulaƙance. Har yanzu akwai tsofaffi a unguwanninmu da suka ga wannan da idonsu, kuma kullum raguwa suke yi. Mutanen Afirka ta Kudu sun ɗauki boren ɗaliban Soweto na 1976 suka yi Sarafina a 1987, Mbongeni Ngema ya tara samari da 'yan mata da ba a san su ba, cikinsu har da Leleti Khumalo, kafin shekara ta zagayo suna Amurka. Ba taurari suka nema ba, masu labarin suka ba dandali. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Saura kuma tarbiyyar kallo, domin ɗan kallo ma yana da nasa aikin. In an ce ƙarfe bakwai, a zo ƙarfe bakwai, kada a shigo ana tsakiyar wasa ana tsallake ƙafafun mutane ana gaishe-gaishe. Waya a kashe ta. Abin takaici ne ka ga mutum ya biya kuɗi ya zo, amma ya kwashe awa biyu yana kallon wasan ta cikin gilashin wayarsa, haskenta na dukan idon na baya. Ban ce a yi shiru kamar maƙabarta ba. Mu a nan mun saba mu amsa waƙa, mu yi wa mugu tsawa, mu tausaya wa marainiya da babbar murya, kuma wannan shi ne gishirin kallon dandali da talabijin ba ta da shi. Amma akwai bambanci tsakanin amsa wa wasa da hira da maƙwabci a kan farashin masara. Sannan a daina neman shiga kyauta don wai mai tsaron ƙofa ɗan unguwa ne. Kuɗin tikitin nan shi ne hayar zaure da abincin 'yan wasa. Uncle Ebo Whyte ya fara fitar da wasanninsa a Ankara tun 2008, ya kuma ɗore ne domin mutane sun yarda su biya.

Ga shawarata a taƙaice. Cibiyar al'adu ta Kumasi, wadda Dokta Kyerematen ya assasa a shekarun 1950, tana nan kusa da Kejetia, mota ɗaya ce daga yawancin unguwanninmu. Duk wanda ya ji ana wasa a can, ya ɗauki iyalinsa sau ɗaya ya gwada, gani ya kori ji. Mai shirya wasa in ya ga layi biyar cike da huluna da mayafai, da kansa zai gyara yadda yake nuna mu, domin ba ya son ya ɓata wa mai biyansa rai. 'Yan'uwana malaman makaranta, na boko da na Islamiyya, a ranar rabon kyaututtuka a ba yara minti ashirin su yi wasa da Hausa, kuma a ba da matsayi ga mai murya da hazaƙa ko da ɗan mai gadin makarantar ne, ba ga ɗan wanda ya ba da gudummawa mafi tsoka ba. Ƙungiyoyin samarinmu da ke tara kuɗi don gasar ƙwallo, su ware kaɗan su zauna da tsofaffi su rubuta abin da suka gani a 1969 tun suna raye. Iyaye kuma su zo su zauna a gaba su ga abin da 'ya'yansu ke yi, wannan ya fi hani daga nesa.

Wanda yake da ra'ayi saɓanin nawa, ƙofar wannan fili a buɗe take, ya rubuto.