Guzurin Ritaya: Lissafin Birni Daban, Na Karkara Daban

Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta tanadi ma'aikaci ya riƙa ajiye aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Sai dai abin da zai riƙe dattijo ya danganta da mazauninsa. A Abuja ko Kano, haya da cefane ke cinye fansho. A karkara kuwa, gida da gona na rage nauyi, amma asibiti na da nisa, ga kuɗin mota ya hauhawa tun janye tallafin mai a 2023. Don haka muke kira ga ma'aikata da manoma su fara lissafi da kuɗin magani, su kuma mallaki muhalli tun da sauran ƙarfi. Da sanyin safiya ake kama fara.